Lambobi biyu da ke tace samfuran kumburin sararin samaniya

Ranar 17 ga Maris, 2014, wasu masana suka tara 'yan jarida a cibiyar nazarin taurari ta Harvard-Smithsonian da ke Amurka, suka ce na'urarsu mai suna BICEP2, wadda suka girke a tsakiyar ƙanƙarar Antaktika, ta hango wani murɗaɗɗen zane a cikin haske mafi tsufa da ake iya gani a sama. Suka ce sawun igiyoyin jan nauyi ne, waɗanda suka taso tun sararin samaniya bai cika daƙiƙa ɗaya da wanzuwa ba. Aka yi ta barka, har an fara lissafin wanda zai karɓi kyautar Nobel. Shekara ba ta zagayo ba murna ta koma ciki. Da aka haɗa bayanansu da na tauraron ɗan'adam na Planck a farkon 2015, sai ta bayyana cewa ƙurar da ke cikin namu gungun taurarin ta isa ta samar da wannan zane ita kaɗai.

Akan ba da wannan labari a matsayin abin kunya. Ni lambar da suka sanar ce ta fi ɗaukar mini hankali, wato 0.2, ma'aunin ƙarfin waɗancan igiyoyi, wanda da shi ake gwada samfuran ka'idar kumburi, ka'idar da ta ce sarari ya yi wata faɗaɗa mai tsananin sauri a farkon wanzuwarsa. Da ta tabbata, da wani samfuri mai sauƙi da Andrei Linde ya gabatar a 1983 ya yi nasara, samfurin Alexei Starobinsky na 1980 kuma ya faɗi warwas. Da ƙura ta lafa sai reshe ya juye da mujiya: na Linde ya faɗi, na Starobinsky ya tsaya. Duk mai son fahimtar ka'idar kumburi, to ya riƙe wannan: ba ka'ida guda ba ce, zuri'a ce mai 'ya'ya da yawa, kuma awo yana kashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa uwar ba. Ko wannan ƙarfi ne ko rauni, a kansa masana ke ta kai ruwa rana.

Amma me ya kawo ka'idar tun farko?

Ka'idar Babbar Fashewa ta yi bayanin abubuwa da dama: cewa sarari yana faɗaɗa, cewa shekarunsa sun kai biliyan 13.8, da kuma asalin wani haske mai rauni da Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da rahotonsa a 1965, wanda ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama. Wannan haske ya kuɓuta ne lokacin da sararin samaniya ke da shekara kusan 380,000, da ya huce har haske ya samu hanyar wucewa. Zafinsa a yau digiri 2.725 ne a ma'aunin Kelbin, kuma duk inda ka juya na'ura haka za ka samu, bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba. A nan gizo ke saƙa. Ruwan zafi da na sanyi ba sa daidaita sai an haɗa su. To amma lissafin tsohuwar ka'idar ya nuna cewa wurare biyu da tazararsu a sama ta wuce digiri biyu, wato faɗin cikakken wata sau huɗu, ba su taɓa samun lokacin da ko haske zai tashi daga ɗaya ya isa ɗayan ba kafin wancan zamani. Dubban yankuna ke nan da ba su taɓa haɗuwa ba, amma zafinsu ɗaya. Wa ya daidaita su?

Matsala ta biyu ita ce ta shimfiɗa. A ka'idar Einstein, sarari na iya lanƙwashewa ko ya zama shimfiɗaɗɗe, gwargwadon yawan abu da makamashin da ke cikinsa. Shimfiɗa kuwa kamar allura ce da aka tsayar a kan tsininta: ƙaramar karkata tana ƙaruwa da tafiyar lokaci. Kafin sarari ya kasance kusa da shimfiɗa a yau, dole ne a daƙiƙarsa ta farko cunkoson abin da ke cikinsa ya dace da adadin da ake buƙata har zuwa wajen lamba ta 15 bayan ɗigo. Wannan batu Alan Guth ya ji daga bakin Robert Dicke a wata lacca a jami'ar Cornell a 1978, ya ajiye shi a ransa. Matsala ta uku, wadda ita ce ma Guth yake bi tun asali, ita ce ta wasu ƙwayoyi masu nauyi da ke da kan maganaɗisu guda ɗaya tak, waɗanda wasu ka'idoji suka ce ya kamata su cika ko'ina, amma ba a taɓa ganin ko ɗaya ba. Wannan ta ukun ba ta da nauyin sauran, don ana iya cewa ka'idojin da suka yi hasashen ƙwayoyin ne ba daidai ba.

A Disamban 1979 Guth ya gano cewa dabara ɗaya na iya warware dukansu, ya wallafa ta a 1981. Starobinsky a Mosko da Katsuhiko Sato a Japan sun bi hanyoyi masu kama da ita a daidai wannan lokaci. Dabarar ita ce: a wani ɗan ƙyaftawa, wajen kashi ɗaya cikin adadi mai sifili 35 na daƙiƙa, sarari ya yi ta ninka girmansa babu ƙaƙƙautawa, aƙalla sau 85 zuwa 90 a jere. Ninki 87 na nufin ƙaruwa da adadi mai sifili 26. Abu mai girman furoton, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, zai kai tazarar da ke tsakanin duniya da rana, kilomita miliyan 150. Idan haka ta faru, duk abin da muke hange a yau daga ɗan mitsitsin wuri guda ya fito, wanda ya riga ya daidaita zafinsa kafin a miƙe shi. Lanƙwasa kuma ta baje, kamar yadda fatar balan-balan ke zama shimfiɗaɗɗiya ga tururuwa idan aka hura shi ya kai girman duniya. Ƙwayoyin nan masu kai ɗaya, in ma sun wanzu, sun tarwatse har da wuya a samu guda a duk iyakar hangenmu. Mai karatu zai ce ai wannan gudu ya fi na haske. Haka ne, kuma bai karya doka ba: dokar ta hana abu ya ratsa sarari fiye da gudun haske, ba ta hana sarari kansa miƙewa ba.

Me zai tura sarari haka, alhali jan nauyi janyowa yake yi? A lissafin Einstein ba nauyi kaɗai ke haifar da ja ba, har da matsi. Idan aka samu wani abu mai juyayyen matsi, wanda makamashinsa ba ya sirkewa komai faɗaɗar da sarari ya yi, to jan nauyi sai ya rikiɗe ya koma turi. Masana suka ɗauka cewa akwai wani abu marar ganuwa da ya game ko'ina, irin wanda suke kira fili, suka sa masa suna infilaton, wanda ke da wannan hali muddin yana riƙe da makamashi mai yawa kuma ba ya sauyawa da sauri. Samfurin Guth na farko bai yi aiki ba, kuma shi da kansa ya faɗi haka a cikin takardarsa. Kumburin nasa yana ƙarewa ne ta hanyar ɓullowar kumfa, irin ta tafasasshen ruwa, amma sararin da ke tsakanin kumfar yana faɗaɗa da saurin da ba za su taɓa haɗuwa su zama abu ɗaya ba. A 1982 Linde, da kuma Andreas Albrecht tare da Paul Steinhardt, suka gyara: a ɗauki filin kamar ƙwallo da ke gangarowa sannu a hankali daga tudu mai faɗin kai. Muddin tana bisa tudun, kumburi na ci gaba. Da ta iso kwari sai ta yi ta lilo, makamashinta ya zube ya zama ƙwayoyi masu tsananin zafi, daga nan Babbar Fashewa da aka sani ta ɗora.

To, siffar wannan tudu ita ce samfuri. Kowace siffa da mutum ya zana, sabon samfuri ke nan. Wani kundi da masana uku suka tattara a 2013 ya lissafo fiye da 70, kuma na masu fili ɗaya ne kawai.

Abin da ya ɗaga darajar ka'idar bai ma kasance cikin matsaloli ukun nan ba. A duniyar kwantam, wato ta ƙwayoyi mafi ƙanƙanta, babu abin da ke zama cik. Kowane fili yana ɗan rawa. A 1981 Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov suka lissafa cewa kumburi zai kama wannan rawa ta ƙanana, ya miƙe ta har ta kai girman sama, ta daskare a haka. Wani wuri kumburi zai ƙare da ɗan wuri, wani da ɗan jinkiri, sai a samu wurare masu ɗan cunkoso fiye da wasu. A bazarar 1982 Stephen Hawking da Gary Gibbons suka tara masana a Kambirij na tsawon mako uku, aka yi ta lissafi ana saɓani har aka cimma matsaya guda. Ma'anar abin ita ce duk wani gungun taurari da ke sama, har da namu, tsironsa daga wannan rawa ne. A ganina babu wani iƙirari a kimiyyar zamani da ya kai wannan ƙarfin hali, kuma abin sha'awa, ana iya gwada shi.

An kuwa gwada. Tauraron ɗan'adam na COBE ya fara ganin tabo-tabon zafi da sanyi a tsohon hasken a 1992. A 2000 sakamakon BOOMERanG, na'urar da aka ɗaga da balan-balan a saman Antaktika, ya nuna cewa tabon da ya fi yawa faɗinsa kusan digiri ɗaya ne, daidai abin da shimfiɗaɗɗen sarari zai bayar. Planck ya ƙara matse awon har kaucewa daga shimfiɗa ba ta wuce kashi biyu zuwa uku cikin dubu ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da awo ke nuna kamar abin da ke cikin sarari bai wuce sulusin abin da shimfiɗa ke buƙata ba, wasu masana sun ƙera samfuran kumburi masu ba da lanƙwasasshen sarari. Gano duhun makamashi a 1998, wato wani ɓoyayyen makamashi da ke hanzarta faɗaɗar sarari, shi ne ya cike giɓin, aka jingine waɗancan samfura. Masu suka ba su manta da wannan ba.

Shaidar da na fi ba muhimmanci ita ce ta tsarin tabon. Kafin hasken ya kuɓuta, abin da ke cikin sarari yana kaɗawa da igiyoyin sauti. Da a ce wani abu ne ke ta tayar da igiyoyin nan a lokuta barkatai, da sun cakuɗe sun zama hayaniya. Abin da aka gani shi ne jerin ƙololuwa masu tsari, alamar cewa duk igiyoyi masu tsawo ɗaya sun fara kaɗawa a tare, tamkar an shirya su tun kafin a saki. Wannan ne ya yi waje da babbar kishiyar kumburi ta wancan lokaci, ka'idar da ta ce wasu zarurruka ne a jikin sarari suka shuka gungun taurari. A 2003 tauraron WMAP ya ƙara da wata: alaƙa tsakanin zafin hasken da fuskar da yake kaɗawa, a faɗin da ya wuce iyakar da saƙo zai iya kaiwa a wancan zamani. Bayan haka Planck ya tabbatar da cewa rabon tabon yana bin tsarin caca zalla, irin wanda fili ɗaya mai gangara a hankali zai haifar, kuma haske da sauran nau'o'in abu duk tare suke cunkushewa a wuri ɗaya.

Duk waɗannan hasashe ne na zuri'ar baki ɗaya. Tace 'ya'yan kuwa aikin lambobi biyu ne.

Ta farko ana rubuta ta da ns. Tana gaya mana ko manyan tabo da ƙanana ƙarfinsu ɗaya. Idan ɗaya ne cif, lambar ta zama 1, kuma tun farkon shekarun 1970 Edward Harrison da Yakov Zeldovich suka yi hasashen haka ba tare da wani kumburi ba. Abin da kumburi ya ƙara shi ne cewa ba za ta zama 1 daidai ba, domin ƙwallon tana gangarowa, makamashi na raguwa, kumburin kuma dole ya ƙare. Manyan tabo su suka fara fita, lokacin makamashi na sama, saboda haka a samfura masu sauƙi za su ɗan fi ƙanana ƙarfi. Sakamakon ƙarshe na Planck a 2018 ya ba da 0.965, da kuskuren awo na 0.004. Tazarar da ke tsakaninta da 1 ta ninka kuskuren sau takwas. Lissafin Mukhanov da Chibisov na 1981 kusan 0.96 ya nuna.

Ta biyu ita ce r, lambar nan da BICEP2 ta ce 0.2 ce. Ba filin infilaton kaɗai ke rawa ba, sarari kansa yana yi, kuma kumburi zai miƙe wannan rawa ta zama igiyoyin jan nauyi. Starobinsky ya lissafa haka tun 1979. Lambar r ita ce ƙarfin waɗannan igiyoyi idan aka gwada da na tabon cunkoso. A 1997 ƙungiyoyi biyu na masana suka nuna yadda za a kama su: fuskar kaɗawar tsohon haske tana da salo biyu, salon E da salon B mai murɗawa, kuma tabon cunkoso ba ya haifar da salon B kai tsaye, igiyoyin jan nauyi kuwa suna yi. Shi BICEP2 ta zaci ta gani. Darajar r ita ce tana faɗin matakin makamashin da kumburi ya faru a kai. Ko da 0.003 ce, makamashin ya ninka na babban injin karo da ƙwayoyi na CERN fiye da sau biliyan 100. Babu injin da ɗan'adam zai ƙera ya kai can.

Yanzu a jera samfuran a kan wannan sikeli. Tudu mai siffar kwano, na Linde na 1983, wanda ya fi kowanne sauƙi a lissafi kuma aka shafe shekaru ana koyar da ɗalibai da shi, yana ba da ns mai kyau amma r wajen 0.13 zuwa 0.16. Ɗan'uwansa mai gangara mafi tsini yana ba da kusan ninkin haka, shi tun zamanin WMAP ya fara tangaɗi. A 2021 ƙungiyar BICEP da Keck, su dai waɗanda suka sha kunya a baya, suka sanar da cewa r ba ta kai 0.036 ba. Da wannan kwano ya fita, samfurin da Katherine Freese da abokan aikinta suka gabatar a 1990 ma ya shiga tsaka mai wuya. Waɗanda suka rage a sahun gaba su ne masu tudu mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Samfurin Starobinsky, wanda bai ƙirƙiro sabon fili ba sai dai ya ƙara wani sashe a lissafin Einstein, yana ba da ns kusan 0.965 da r wajen 0.003 zuwa 0.004. Samfurin Fedor Bezrukov da Mikhail Shaposhnikov na 2008, wanda ya ɗora aikin a kan filin Higgs, mai ba ƙwayoyi nauyinsu, da tuni yake cikin ka'idar ƙwayoyi, kusan lambobi iri ɗaya yake bayarwa duk da cewa tushensu daban. A 2013 Renata Kallosh da Linde da Diederik Roest suka nuna cewa wannan ba katari ba ne: akwai babban rukuni na samfura da ke taruwa a kan ns ɗaya, r ɗinsu kuwa ana iya sauke ta ƙasa yadda aka so.

Tsugune ba ta ƙare ba. A Maris 2025 masu na'urar ACT da ke hamadar Atakama a Chile suka fitar da sabon awo, wanda idan aka haɗa da na Planck da na taswirar gungun taurari ta DESI yake ba da ns wajen 0.974. Ɗan motsi ne, amma ya isa ya tura samfurin Starobinsky zuwa bakin iyaka. Bai faɗi ba tukuna, don ratar ba ta wuce ninki biyu na kuskuren awo ba, kuma irin wannan rata ta sha ɓacewa. Shi Starobinsky ya rasu a Disamban 2023, bai ga wannan ba. Abin lura shi ne cikin 'yan makonni takardu suka yi ta fitowa da gyararrun samfura masu dacewa da sabuwar lambar.

Wannan saurin gyara shi ne ainihin ƙorafin masu suka, kuma babbansu ɗaya ne daga cikin iyayen ka'idar. A Fabrairun 2017 Steinhardt da Anna Ijjas da Abraham Loeb suka rubuta a mujallar Scientific American cewa kumburi ya zama ka'idar da kowane sakamako zai dace da ita, don haka ba ta gwaduwa. Masana 33, ciki har da Guth da Linde da Hawking, suka sa hannu a takardar martani. Sukar tana da rassa. Na farko, kafin kumburi ya kama sai an samu wuri mai ɗan daidaito tun farko, Roger Penrose ma ya daɗe yana cewa matsalar ba a warware ta ba, tura ta baya aka yi. Na biyu ya fi tsanani. Tun 1983 Alexander Vilenkin da shi Steinhardt suka lura cewa a samfura da yawa kumburi ba ya ƙarewa ko'ina da ko'ina: rawar kwantam kan mayar da ƙwallon sama a wasu wurare, wuraren nan kuma su ne suka fi saurin faɗaɗa. Sakamakon shi ne yankuna marasa iyaka, kowanne da halinsa. Idan duk abin da zai iya faruwa yana faruwa sau ba adadi, da wane ma'auni za a ce wannan ya fi wancan yiwuwa? Har yau babu amsar da aka yarda da ita.

Inda na tsaya shi ne masu suka sun yi gaskiya a rabi. Ba daidai ba ne a ce ba a gwada komai ba. Da ns ta fito 1.05, ko da ƙololuwar sauti ba su bayyana ba, da samfura masu sauƙi sun mutu gaba ɗaya, kuma babu wanda ya san sakamakon kafin a auna. Madadin da Steinhardt da Neil Turok da abokansu suka kawo tun 2001, cewa sarari ya tsuke ne a hankali sannan ya sake buɗewa, yana da nasa ramukan, musamman yadda za a tsallake lokacin juyawar. Amma kuma ba daidai ba ne a riƙa maganar kumburi kamar an gama. Ba a san mene ne infilaton ba. Ba a san matakin makamashinsa ba. Kuma ka'idar ba ta ce komai game da mafarin farko ba; a 2003 Arvind Borde da Guth da Vilenkin suka nuna cewa kumburi ba zai miƙe baya har abada ba, dole akwai wani abu kafinsa da ka'idar ba ta bayyana ba.

Gwajin da ke tafe bai yi wa ɓangarorin biyu adalci iri ɗaya ba. Cibiyar Simons da ke kan tsauni mai tsayin mita 5,200 a Atakama ta fara aiki, hukumar sararin samaniya ta Japan kuma na shirin harba tauraron LiteBIRD a shekarun 2030 don auna r da daidaiton kusan 0.001. NASA ta harba SPHEREx a Maris 2025 don zana taswirar ɗaruruwan miliyoyin gungun taurari, a duba ko rabonsu ya kauce wa tsarin caca ta hanyar da fili ɗaya ba zai iya haifarwa ba. In ya kauce, duk samfura masu fili ɗaya sun tafi a rana guda. Idan aka ga salon B na asali, samfuran tsukewa na Steinhardt sun faɗi, domin ba sa samar da igiyoyin da za a iya gani a wannan faɗi. Idan kuwa aka sauka ƙasa da 0.001 ba a ga komai ba, Starobinsky da Higgs sun bi sahun kwanon Linde, amma akwai samfuran da r ɗinsu ta yi ƙanƙantar da babu na'urar da za ta taɓa kama ta, kuma an riga an rubuta su.